Tarihin burauzar Firefox da dalilin da wasu suka ƙi rabuwa da ita

Yawancinmu da Chrome muke shiga intanet, don ita muka tarar a waya tun daga kwali. Amma akwai masu riƙe da Firefox har yau, alhali masu amfani da ita a duniya ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dalilinsu yana da tarihi.

A 1994 kamfanin Netscape na Amurka ya fito da burauzarsa, ta mamaye kasuwa. Shekara ɗaya bayan nan Microsoft ya kawo Internet Explorer, daga baya ya riƙa cusa ta kyauta cikin Windows. Gwamnatin Amurka ta maka shi a kotu a 1998 kan danne abokan gasa, amma aikin gama ya gama, Netscape ya durƙushe. A shekarar ce Netscape ya saki lambobin da aka gina burauzarsa da su, kowa ya ɗauka ya gyara. Daga nan Mozilla ta samo asali.

Da Internet Explorer ta ga babu kishiya sai ta miƙe ƙafa. Tsakanin fitowarta ta 6 a 2001 da ta 7 a 2006, shekara biyar ke nan jama'a na haƙuri da tsohon kaya.

Ana cikin haka Mozilla ta saki Firefox ranar 9 ga Nuwamba, 2004. Babban abin da ya ja mata mutane shi ne ƙananan manhajojin da ake jona wa burauza su ƙara mata aiki: wata ta toshe talla, wata ta hana a bi diddigin shafukan da ka shiga, wata ta adana kalmomin sirri. Ba sai kamfani ya rubuta su ba. Adblock Plus ta fito a 2006, daga baya Raymond Hill ya rubuta uBlock Origin, kyauta.

Google ya kawo Chrome a 2008, mai sauri ce, kuma ita ma ta karɓi irin waɗannan manhajoji. Sannu a hankali wasu suka koma kan ginshiƙinta mai suna Chromium: Opera a 2013, Edge ta Microsoft a 2020. Sunaye daban, inji ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙa. Mafi yawan kuɗin Google daga talla yake zuwa. Ya sauya ƙa'idojin manhajojin jonawa zuwa tsarin da ya kira Manifest V3, yana mai cewa don tsaro ne, kuma daga 2024 ya fara kashe waɗanda aka gina kan tsohon tsari. Cikakkiyar uBlock Origin ta daina aiki a Chrome, sai wata mai rangwamen ƙarfi. A Firefox tana aiki har yanzu. A wayar Android ma Firefox tana karɓar waɗannan manhajoji, Chrome kuwa ba ta karɓa. Ga mai sayen data da gumin goshinsa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, don kowane bidiyon talla da ya buɗe kansa, daga datarka yake ci.

Kada dai a ɗauka Mozilla waliyyiya ce. A 2017 ita ma ta watsar da tsofaffin manhajojinta, mutane da yawa suka yi fushi suka tafi. Kuma kaso mafi tsoka na kuɗin da take gudanar da aiki, Google ne ke biyan ta don ya zama shi ne wurin bincike na farko a Firefox.