2.3 Tarihin Karatun Faransanci a Jami'a da Matsayin Ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram

Wannan fasali zai yi tsokaci ne a kan yadda karatun Faransanci ya samu gindin zama a jami'o'in Nijeriya, da kuma yadda abin ya shafi ɗaliban kudancin Jihar Jigawa. Faransanci dai yana cikin harsunan da suka tsiro daga Latin, tare da Fotugisanci da Sifaniyanci da Italiyanci. Daga cikinsu shi ne ya fi samun karɓuwa a jami'o'in Arewa, domin Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, waɗanda suka kewaye Nijeriya, duk Faransa ta mulke su, in ban da yankin Ingilishi na Kamaru.

Kafin ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991, Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano ne. Saboda haka ɗalibin da ya kammala sakandare, misali a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, yakan nufi Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962. A wancan zamani akan tura mai nazarin Faransanci wata ƙasa da ake magana da harshen, ya yi shekara guda domin bakinsa ya faɗa.

Sai dai faɗuwar darajar naira, bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, ta sa wannan tafiya ta yi wa jami'o'i da iyaye nauyi. Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry ta Jihar Legas a 1991. Ke nan ɗan Gwaram sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa kudu, alhali Damagaram tana arewa da jiharsa.

Bugu da ƙari, a 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka kuma shigar da hakan cikin manufar ilimi ta ƙasa a 1998. Amma ƙarancin malamai ya hana manufar yin tasiri a makarantun karkara, kuma wanda bai sami tushe a sakandare ba, da wuya ya zaɓi harshen a jami'a. Haka kuma fataken da ke cin kasuwar Maigatari da Hausa suke ciniki da mutanen Nijar, don haka iyaye ba su ga wata matsananciyar buƙata ba.

A taƙaice dai, manufofin gwamnati ne suka riƙe wannan karatu a yankin, ba buƙatar yau da kullum ba. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Duk da haka takardun hukuma da na ilimi mai zurfi a can sun daɗe da Faransanci, kuma ana buƙatar masu fassara su zuwa Hausa.