Aikin gajiya da aikin magani a tarihin gidan kaso

A shekarar 1818 wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, ya ƙera wa gidajen kaso wata ƙatuwar ƙafar katako mai juyawa, da matakala a jikinta. Ɗan kaso yakan yini yana taka ta kamar mai hawan bene marar iyaka. A wasu wurare tana niƙa hatsi, a wasu kuwa ba ta niƙa komai, gajiyar kawai ake so. Sai bayan dokar gidajen kaso ta 1898 aka daina amfani da ita.

A daidai wannan zamani, wata mata mai suna Elizabeth Fry ta shiga kason Newgate na Landan a 1813, ta tarar da mata da ƴaƴansu a cunkushe cikin ƙazanta. A 1817 ta kafa ƙungiya, aka buɗe wa yaran makaranta, aka koya wa matan ɗinki da saƙa. Aiki ne nan, aiki ne can, amma ɗaya yana karya mutum, ɗayan yana mayar masa da mutuncinsa.

Tunani irin na Fry ya sami gindin zama a wajen kula da masu taɓin hankali. A 1863 Ingila ta buɗe asibitin Broadmoor don waɗanda suka yi laifi alhali suna da ciwon ƙwaƙwalwa, inda majinyata ke noma da aikin hannu. A 1917 aka kafa ƙungiyar masu magani ta hanyar aiki a Amurka, cikin waɗanda suka kafa ta har da Eleanor Clarke Slagle, wadda ta dage kan saba wa majinyaci tsarin yini.

Yau masanin wannan fanni a gidan kaso yana koya wa ɗan kaso girki, riƙon kuɗi, danne fushi da aiki tare da jama'a, don ranar fita kada ta zo masa da ruɗani. Dokokin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, su ma sun hana aikin kaso ya zama azaba.

Ƴan uwana malamai da uwaye, tarihin nan ya shafe mu. In yaro ya yi laifi a lakwal muka sa shi tsallen kwaɗo, ƙafar katakon Cubitt muka ɗora shi. In ya karya benci, a ba shi guduma da ƙusa ya gyara, malami na tsaye yana nuna masa.