ZARE: Tseren keke na 1903 da kekunan masu rake na Makarfi

1/ Jiya a majalisarmu a Hunkuyi wani ƙanena ya ce keke abin hawan wanda ya rasa kuɗin mashin ne. Kowa ya bushe da dariya. Ni dai ban yi ba, don da keke aka biya min kuɗin makaranta. Bari in ba ku labarin Tour de France na farko, na 1903. Ku biyo ni, a ƙarshe gida za mu dawo.

2/ Asalin abin rigimar cinikin jarida ce. A Paris akwai jaridun wasanni biyu da ba sa ga maciji: Le Vélo da ta kame kasuwa, da L'Auto da ciniki ya ƙi. Editan L'Auto, Henri Desgrange, tsohon ɗan tseren keke ne. A ƙarshen 1902 wani matashin ma'aikacinsa, Géo Lefèvre, ya ba da shawarar a shirya tseren da zai zagaye Faransa.

3/ Aka sanar a Janairun 1903. Kun san mutum nawa suka fara yin rajista? 15 kacal. Sai Desgrange ya taƙaita tseren zuwa kwana 19, ya rage kuɗin shiga daga faran 20 zuwa 10, ya yi alkawarin faran 5 kullum ga waɗanda suka cika sharaɗin gudu. Da aka ji maganar kuɗin abinci, sai ga mutane.

4/ Ranar 1 ga Yuli, 1903, da yamma bayan ƙarfe uku, mutum 60 suka tashi daga gaban wani gidan shan gahawa a Montgeron, bayan garin Paris. Tafiyar kilomita 2,428 ce, an raba ta zango shida, ana hutawa tsakanin zango da zango.

5/ Zangon farko kaɗai, Paris zuwa Lyon, kilomita 467 ne. Ku lissafa: kamar ka bar Kaduna ka je Kano, ka juyo ka koma Kaduna, duk a kan keke. Kwana suka yi suna tuƙi a cikin duhu. Wanda ya zo na ɗaya ya shafe awa 17 da minti 45.

6/ Sauran zangunan: Lyon zuwa Marseille 374, Marseille zuwa Toulouse 423, Toulouse zuwa Bordeaux 268, Bordeaux zuwa Nantes 425, sai Nantes zuwa Paris 471. Mafi gajarta a ciki ya fi nisan Kaduna zuwa Kano.

7/ To ga inda nake so ku tsaya. Kekunansu na ƙarfe ne masu nauyi, babu canjin giya. Na'urar canza giya ma sai a 1937 aka yarda da ita a tseren. Hanya yawanci ƙasa ce da tsakuwa. In taya ta yi faci, kai za ka sauka ka gyara da hannunka. Wannan fa shi ne keken iyayenmu sak.

8/ Wanda ya ci shi ne Maurice Garin. An haife shi a 1871 a arewacin Italiya, a gidan talakawa. Tun yana yaro yake sana'ar share bututun hayaƙin gidaje a Faransa, har aka laƙaba masa sunan sana'ar. Sai a 1901 ya samu takardar zama ɗan Faransa.

9/ Garin ya cinye zango na 1 da na 5 da na 6. Gaba ɗaya ya yi awa 94 da minti 33 a kan keke, wato kusan kilomita 26 a kowace awa. Na biyu, Lucien Pothier, ya biyo bayansa da tazarar kusan awa 3. Har yau ba a ƙara samun tazara irin wannan a tseren ba.

10/ Cikin 60, mutum 21 ne suka ƙarasa. Na ƙarshe, Arsène Millocheau, jimillar lokacinsa ta fi ta Garin da sama da awa 64. Amma ku lura: yau shekara 120 da ɗoriya, ni ɗan Kudan na san sunan wanda ya zo na kashin baya. Me ya sa? Saboda an rubuta.

11/ Garin ya tashi da sama da faran 6,000, daga baya ya buɗe gidan mai a garin Lens, ya rasu a 1957. Ita kuwa L'Auto, cinikinta ya tashi daga kwafi kusan 25,000 zuwa 65,000. A 1904 Le Vélo ta rufe. Haƙan Desgrange ya cimma ruwa.

12/ Kada ku ɗauka waliyyai ne. A tseren 1904 an yi maguɗi na fitar hankali, har da zargin wasu sun hau jirgin ƙasa. Aka soke mutum huɗu na farko, da Garin a ciki, aka ba Henri Cornet mai shekara 19. Sun hukunta gwarzonsu, suka gyara dokoki, tseren ya ɗore.

13/ Yanzu mu dawo gida. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana da wani Phoenix baƙi mai kariya. Lokacin rake, kafin asuba ya ɗaure dammuna a baya har ba a ganin kansa, ya kama hanyar Zariya. Kafin la'asar ya dawo da kuɗi a aljihu da burodi a kwando. Gobe ma haka, jibi ma haka.

14/ Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya ga masu kai rake kasuwar Makarfi, da masu mazarƙwaila, da masu kwandunan tumatir a Ikara, duk a kan Raleigh ko Phoenix. Da Garin zai ga lodin da suke haurawa da shi daga fadama, wallahi sai ya jinjina musu.

15/ Ina tuna yadda dattawa ke musu a kan wanda ya fi kowa gudu a zamaninsu. Wannan ya ce wane na ƙauye kaza, wancan ya ce ƙarya ne. Babu agogo, babu littafi, babu hoto. Yawancinsu sun rasu, sunayen suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin nan yana damuna.

16/ Kuma kar wani ya ce ai harkar Turawa ce. Burkina Faso ta fara Tour du Faso a 1987, zamanin Thomas Sankara. Ruwanda tana da nata tseren, har a Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karon farko a Afirka.

17/ Ranar 1 ga Yuli, 2024, shekara 121 cif bayan tashin su Garin, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France. Ya ƙara biyu a shekarar, ya kuma tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki.

18/ Mu kuwa a shekarar, a wasannin Olympics na Paris, 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga tseren cikin fili. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 fa. Ƙarfin ƙafa muna da shi. Shiri da rubutu ne muka rasa.

19/ Abin da Desgrange ya haɗa ba ya fi ƙarfinmu: hanya, rana, alƙalai masu agogo, kyauta, da wanda zai ba da labari. Shi jarida gare shi, mu kowa da waya a hannu. Ikara zuwa Makarfi, Makarfi zuwa Kudan, Kudan a koma Ikara. Ga zango uku nan. A yi bayan girbi, da sanyin safiya, da izinin hukuma da masu kula da hanya.

20/ A ware ajin kekunan gida daban, don mai Phoenix ya kara da mai Phoenix. A rubuta sunan kowa da lokacinsa, har na ƙarshe. Masu faci da masu sayar da kayan keke su ne za su fara cin riba.

21/ Kafin nan ga roƙona. In akwai dattijo a gidanku da ya yi fatauci da keke, ku zauna da shi a makon nan. Ku tambaye shi daga ina zuwa ina, lodin me, awa nawa. Ku ɗauki hoton keken in yana nan, ku ajiye a ƙarƙashin wannan zaren. Ni zan fara da na kawu, yana jingine a zaure har yanzu. Shi kuma ƙanen nawa, na tura masa zaren, ina jiran amsarsa yau da daddare a majalisa.