Ratar Ringi da Gadon Ramsbottom

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, da zaren rama da kitse masu injin tururi a Ingila suke toshe tsakanin fistin da bangon silinda. A 1852 John Ramsbottom, injiniyan jirgin ƙasa, ya fito da zoben ƙarfe mai tsaga, wanda ake matsewa a cusa, ya buɗe da ƙarfin kansa ya manne wa bango. Na farkon bai riƙa cinyewa daidai ba, sai a 1854 ya gyara siffarsa. Ringin da ke cikin babur ɗin ɗan acaɓa jikan wancan ne, kuma tsagar nan ita ce ran aikin. Ƙarfe yana miƙewa idan ya sha zafi. In rata ta yi kaɗan, bakunan ringi su haɗu, ya kankare silinda ko ya karye. In ta yi yawa, ƙarfin inji ya zurare ƙasa, baƙin mai ya lalace da wuri.

Zamanin da Fijo 504 ta Kaduna ke mulkin titi, sauke inji a sāke ringi aikin yau da kullum ne. Shigowar injunan hannu da ake kira Beljiyam ta sa da yawa daga cikinmu makanikai sun koma masu cirewa da ɗorawa, awo ya zama baƙo a gareji. Abin yana ci mini rai, domin aikin ba wuya: a tura ringi cikin silinda da kan fistin don ya zauna daidai, a zura siririn ƙarfen awo a tsagar. Silinda mai faɗin milimita 80 tana son kusan milimita 0.3 a ringin sama, sai dai littafin injin ne alƙali.

Wani zai ce ai kamfani ya riga ya yanka ratar. Gaskiya ne, amma ya yanka ta ne don sabuwar silinda, ba wadda ta ci shekaru ko aka ƙwaƙule ba. Duk ƙarin milimita 0.01 a faɗin silinda yana buɗe rata da kusan 0.03, ninki uku ke nan. Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwa, waɗanda kwalinsu ba shaida ba ne. Mai gida, kada ka bar yaronka ya ɗaura fistin sai ya auna kowane ringi a silindar da zai zauna.