Aiki da Dabarun da Aka Koya Maka Bayan Kammala Jinyar Damuwa ta Intanet

Ka sani, ɗan'uwa, aiki da waɗannan dabaru riƙo ne da sababi, ba ya warware tawakkali. Ka riƙa maimaita su tun kana cikin natsuwa. Idan fargaba ta taso, ka ja numfashi kana ƙirga 4, ka sake shi kana ƙirga 6. Ka rubuta tunanin da ya dame ka, ka tambayi kanka: mece ce hujjarsa? Ciwon damuwa yana jawo kaɗaici, don haka ka fita sallar jam'i ko sada zumunci, ko da ranka bai so ba.

Kada ka bar shan magani sai da sanin likita. In ƙuncin ya dawo ya kai mako 2, ka koma wurinsa. Tunanin kashe kai kuwa, ka sanar da na kusa da kai, ku tafi asibiti nan take.

Allah ne Mafi sani.