Tarihin Ƙa'idar Duba Manyan Motoci da Rahoton Direba a Ƙasar Amurka, 1935 zuwa 2014

Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata ƙa'ida guda daga cikin ƙa'idojin sufuri na ƙasar Amurka, watau wadda ta wajabta wa direban babbar mota ya duba motarsa a kowace ranar aiki, ya kuma rubuta duk lahanin da ya gani. A ido abin ƙarami ne, domin takarda ce falle ɗaya. Amma idan muka dubi yadda ta faro da sauye-sauyen da aka yi mata cikin shekara wajen tamanin, za mu ga tambayar da ke ƙarƙashinta babba ce: in birki ya ƙi kamawa a kan gangara har rayuka suka salwanta, alhakin yana wuyan wa, direba ko mai mota? Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa ƙa'idar ta zauna ne bisa duwatsun murhu uku: dubawa, da rubutawa, da kāriya ga wanda ya rubuta.

Mafarin Ƙa'idar

Tun cikin 1887 gwamnatin tarayya ta Amurka ta kafa Hukumar Kula da Ciniki Tsakanin Jihohi domin ta sa ido a kan kamfanonin jirgin ƙasa. Manyan motoci kuwa, sa'ad da suka fara yawaita bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kowace jiha ita ke tsara musu doka yadda ta ga dama. Sai cikin 1935 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta shigar da motocin da ke ɗaukar kaya da fasinja daga jiha zuwa jiha ƙarƙashin wannan hukuma. Ƙa'idojin farko na kiyaye haɗari suka fara aiki cikin 1937.

 Cikin 1952 hukumar ta wajabta cewa kowane direba, in ya tashi daga aiki, ya rubuta wa kamfaninsa halin da motar take ciki. Dalilin wannan kuwa a fili yake. Direba shi ne ya yini a kan mota, shi ya ji sitiyari na ja gefe guda, shi ya ji birki ya yi nisa kafin ya kama. Amma kuɗin gyara ba a hannunsa yake ba. In da baki ya faɗa, magana iska ce, gobe mai mota na iya cewa bai ji ba. Da zarar an rubuta kuwa, sani ya tabbata a kan kamfani, alhaki kuma ya bi sani.

Yadda Tsarin Ya Kankama

Cikin 1967 aikin kiyaye haɗari ya koma hannun sabuwar Ma'aikatar Sufuri, kuma a hankali tsarin ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. An lasafta abubuwa 11 waɗanda lalle rahoton ya shafe su: birkin ƙafa har da mahaɗinsa da tirela, hambirki, sitiyari, fitilu da abubuwan da ke mai da haske, tayoyi, ham, waifa, maduban gefe, mahaɗin kan mota da tirela, ƙafafu da rim, da kayan ko-ta-kwana irin su tukunyar kashe gobara.

Abin lura a nan shi ne yadda takardar ke zagayawa ta hannu uku. Direban da ya sauka shi zai rubuta lahani ya sa hannu. Kamfani, ko makanikinsa, zai shaida a rubuce cewa an gyara, ko kuwa lahanin bai kai a gyara ba. Sa'an nan direban da zai hau, kafin ya tashi, sai ya karanta, ya gamsu cewa motar lafiya take, shi ma ya sa hannu. Kamfani kuma ya ajiye takardar har wata uku. Ta haka, in tsautsayi ya faru, mai bincike zai ga daidai gaɓar da igiya ta tsinke.

Gasa da Kāriyar Direba

Cikin 1980, zamanin Shugaba Jimmy Carter, aka yi dokar da ta sassauta shiga harkar sufuri. Kamfanoni suka ƙaru ƙwarai, kuɗin dako ya faɗi, gasa ta yi tsanani. Nan fa raunin tsarin ya bayyana, domin kamfanin da ribarsa ta ƙaranta, gyara shi ne abu na farko da zai jinkirta. Direban da ya dage a kan rubuta gaskiya kuwa yana iya rasa abincinsa, ga wani a bakin ƙofa yana jiran makulli.

Saboda haka dokar sufuri ta 1982 ta zo da abu biyu. Na ɗaya, ta hana kamfani ya kori direba ko ya hore shi don ya kai ƙarar lahani, ko don ya ƙi tuƙa motar da tuƙa ta saɓa wa ƙa'ida ce. Wanda aka zalunta yana da kwana 180 ya kai kuka ga Ma'aikatar Ƙwadago. Na biyu, ta tanadi kuɗin da tarayya za ta riƙa ba jihohi don jami'ansu su tsai da motoci a bakin hanya su duba. Har ila yau, dokar 1986 ta kawo lasin na musamman ga direbobin manyan motoci, wanda ya zama tilas tun daga 1992, kuma cikin jarrabawarsa har da zagaya mota a nuna wa mai jarrabawa abin da ake dubawa.

Duk da haka, doka ba ta ɗaure noti da kanta. Ran 29 ga Yuli, 2005, wata tifa ta ƙwace a gangarar Dutsen Avon ta Jihar Connecticut, ta afka wa motocin da ke tsaye a mararraba, mutum huɗu suka rasu har da direban. Bincike ya nuna birkinta na da lahani, kuma a ƙarshe kotu ta ɗaure mai kamfanin. Wannan hukunci ya tabbatar da abin da ƙa'idar ta ginu a kai tun asali, watau sakacin gyara laifin mai mota ne.

Gyaran 2014

A farkon shekarar 2000 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da lafiyar manyan motoci a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri. Da ta yi lissafi, sai ta ga kimanin kashi 95 cikin ɗari na rahotannin da direbobi ke cikawa babu wani lahani a cikinsu. Don haka cikin Disamba 2014 ta ɗauke wa direbobin motocin kaya wajabcin rubuta rahoto a ranar da ba su ga kome ba, ta kuma ƙiyasta cewa hakan zai rage wa masu sufuri asarar dala biliyan 1.7 a shekara. Duba mota dai yana nan tilas, haka ma rubuta lahani in an gan shi. Masu goyon baya suka ce in takardu sun ragu, mai ɗauke da lahani ba za ta ɓace a cikin tuli ba. Masu suka kuwa suka ce cika takarda kullum shi ke tuna wa direba ya zagaya motarsa, in an ɗauke ta, wani zai ɗauke zagayen ma.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin nan ya nuna mana cewa kowane dutse daga cikin ukun nan an kafa shi ne don a toshe wata kafa. Dubawa ta sa a san lahani, rubutu ya hana mai mota musun sani, kāriya ta ba direba ƙarfin halin rubutawa. A ƙasarmu, inda yawancin kaya a kan manyan motoci suke tafiya, duba ruwa da mai da taya da sassafe daɗaɗɗiyar al'ada ce ga direba da yaronsa, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 1988, ta fito da tsarin sa ido a kan kamfanonin sufuri cikin 2007. Tambayar da muke ajiyewa gaban mahalarta wannan taro ita ce: direban da ya ce yau motar nan ba za ta tashi ba sai an gyara birki, me zai tsare masa aikinsa gobe?