TARIHIN RUWAN CIN FANEL DA DARASIN ZAMFARA



A 1936 wani injiniya ɗan Ostiriya mai suna Paul Eisler, yana zaune a Ingila, ya haɗa rediyo a kan fanel mai layukan jan ƙarfe maimakon tarin wayoyi. Dabarar ita ce a zana layi, a tsoma a sinadari ya cinye sauran jan ƙarfen. Har yau haka muke yi da ferik kuloraid.

To ina jan ƙarfen da ya cinye? Yana nan cikin ruwan, bai je ko'ina ba.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda daka dutsen zinare a cikin gida. Waccan dalma ce, namu jan ƙarfe ne, amma hanyar ɗaya ce: abin da ka zubar a tsakar gida, ƙasa da rijiya za su riƙe. Kuma tumaki ba sa jure jan ƙarfe, ga Batsari da Safana kusan kowane gida akwai su.

Don haka kar ka zubar. Tace shi, adana a jarkar roba mai murfi, ban da gwangwani, ka sake amfani da shi har ya daina ci. In ya mutu, zuba kanwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta tsaya. Bar laka ta kwanta ta bushe, ka rufe ta nesa da rijiya, yara da dabbobi.

Allah Ya tsare mu.